Tsintsiya a Ɗakin Tukwane

Tana cikin wanke rigunan mijinta na aiki labarin ya same ta. Ruwan bahon ya yi jajir da yumɓu, tana ta mita ita kaɗai cewa mutumin nan ko gaban alƙali za shi sai ya je da taɓo a gwiwa. Sai ga Shugabar makaranta ta tsaya bakin ƙofa, riƙe da jaka da hannu biyu.

"Mama, ɗauraye hannunki mu je."

Ba ta tambayi ko ina ba. Fuskar matar ta gama faɗa mata.

Mijinta shi ne malamin tukwane a makarantar koyon sana'ar hannu ta unguwa. Tsohon gini ne mai dogon baranda, ɗakuna a jere: na tukwane, na saƙa, na sassaƙa, sai na ƙirar azurfa can ƙarshe. Ƙaninta, wanda kowa ke kira Auta, shi ke koyar da saƙa. Malam ne ma ya samo masa aikin.

Ɗalibai ne suka dawo daga hutun rana suka iske Malam kwance kusa da babban teburin aiki, rai ya yi halinsa.

Kafin ta iso an riga an ɗauke shi. Wani dogon ɗan sanda mai furfura a gefen kai ya tare ta a baranda. Shi ne Sufeton da aka ba binciken. Magana yake a hankali, kamar mai gudun tada jariri.

"Mama, Allah ya ba ki haƙuri. Ba zan tsare ki ba yau, tambaya ɗaya ce. Wannan nasa ne?"

Ya nuna mata tabarau a cikin leda. Gilashi ɗaya na nan, ɗayan babu.

"Nasa ne. Ƙalau yake da safe, ni na goge masa."

"Mun duba ƙasa kaf, ko ɓarɓashin gilashin ba mu gani ba."

Washegari likita ya ce ƙeyar Malam ce ta bugi kusurwar tebur, kuma wuyan rigarsa a yage yake. Ba santsi ne ya kwashe shi ba, tura shi aka yi. Kafin yamma aka kama Auta. Ɗalibai sun ji shi da Malam suna cacar baki da safen ranar, a kan hayaƙin tanderun gasa tukwane da ya ɓata zaren da Auta ya shanya. Maigadi kuma ya ce ya buɗe ido ya gan shi bakin ɗakin lokacin hutu.

Miji ya tafi, ƙani na bayan kanta. Ta bar masu gaisuwa a tsakar gida ta nufi ofishin 'yan sanda. Sufeto ya dube ta, ya sa Sajansa ya kawo mata kujera, aka fito da Auta.

"Ka ce ba ka je ɗakin ba," in ji Sufeto.

"Ban je ba, Yallaɓai."

"Maigadi ya gan ka."

"Maigadin da ko akuya ta shige ta gabansa sai an ba shi labari?"

"Amma kai ya gan ka. Ka fi akuya tsawo."

Auta ya sunkuyar da kai. Ta jawo kujerarta har gwiwarsu ta haɗu.

"Auta, dube ni. Da bayan nan na goya ka. In kai ne, faɗa mini da bakinka, kada in ji a bakin wani."

Hawaye ya zubo masa. "Na je, Yaya. Haƙuri na je ba shi, don na faɗi maganar da ba ta dace ba. Na iske ƙofa a rufe ta ciki. Na ƙwanƙwasa, shiru. Sai ƙarar tsintsiya nake ji. Abin ya ɗaure mini kai, amma na ce fushi ne bai sauka ba, na juya."

"Me ya ɗaure maka kai?" in ji Sufeto.

Ita ta amsa. "Malam ba ya shara."

Sajan ya yi murmushi. "Mama, ai mazan duniya duk haka muke."

"Ba wannan ba, ɗana. Ba ya barin tsintsiya ta shiga ɗakin. Ya ce ƙurar yumɓu in ta tashi, a ƙirji take sauka, kuma ba ta fita. Da jiƙaƙƙen tsumma suke goge ƙasa."

Sufeto ya juya biro a hannunsa. "Na ji. Amma wanda ya yi mini ƙarya da safe, ba na saurin gaskata shi da rana. Zai ƙara kwana a wurinmu."

Cikin masu zuwa mata gaisuwa babu kamar malamin ƙirar azurfa, wanda ake kira Mai Zobe. Abokin Malam ne tun suna samari. Zoben da ke hannunta ma shi ya ƙera. Kullum da la'asar yana nan zaune a bakin tabarma, ba ya cewa komai sai "Haƙuri, matar abokina."

Wata la'asar Sufeto ya shigo da Sajan, suka zauna kamar kowa. Wasu ɗalibai mata suna shirin tafiya, ɗaya da bandeji tun daga yatsu har wuyan hannu.

"Baiwar Allah, me ya sami hannun?" in ji Sufeto.

"Ruwan asid ne na wanke azurfa, Yallaɓai. Kuskure aka yi, aka miƙo mini wata kwalba a madadin wata. Malamin tukwane ne ma ya kai ni asibiti."

"Garajen 'yan koyo ne," Mai Zobe ya ce da sauri. Ɗalibar ta dube shi, ta fita.

Sufeto ya juya ga Mai Zobe. "Baba, ranar da abin ya faru ka shiga ɗakin abokinka?"

"Gaisuwar safe kawai muka yi a baranda. Da aka fita hutu ina ɗakina, ina gyara wata sarƙa."

Matar Malam ta ajiye masa kofin ruwa a gabansa. Ya miƙa hannu, hannun ya sauka gefe, ya lalubi tabarma. Ta tura kofin cikin tafinsa ba tare da ta kawo komai a ranta ba. Da ta ɗago, ta ga idon Sufeto a kan hannun.

Kwana ya kewayo, Sufeto ya aiko mata da mota. Ya ce yana so ta duba ɗakin Malam ko akwai abin da babu.

Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tare ta tun daga ƙofa, ta ja ta tsaya. Sufeto bai hanzarta ta ba. Ya buɗe taga ɗaya, haske ya kwanta a ƙasa, ya durƙusa.

"Ƙaninki bai yi ƙarya a wannan ba. Ga sawun tsintsiya. Daga bango ake jawowa zuwa tsakiya, ta kowane gefe. Ba a nufi ƙofa da sharar ba."

Ta bi kantocin da ido. A na kusa da tebur akwai wata da'ira mai tsabta cikin ƙura.

"Akwai wani tulun furanni shuɗi a nan. Ba ya sayar da shi. Ya ce sau ɗaya launin ya fito masa haka, bai ƙara ba."

"Ke nan ya fashe a kokawar." Ya juya ga Sajan. "Kwandunan shara fa?"

"Yallaɓai, na makaranta, na titi, har kwatar baya na shiga. Matata ta hana ni ɗaki sai da na yi wanka biyu. Ba shuɗin kasko, ba gilashi."

Sufeto ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Mai gaggawa yakan watsar da shara a inda ya fara samu. Wannan ya share, ya tattara, ya tafi da ita. Ina so in ga mai irin wannan hali."

Da aka koma karatu, Sufeto ya zama kamar ɗalibi. Ya zauna a ajin sassaƙa ya ga yadda suke tura ɓawon katako waje da ƙafa. Ya leƙa ajin saƙa, inda guntayen zare ke tafiya kwandon bakin ƙofa. Ita kuwa ta zo kwashe kayan Malam. Sufeto ya ce in ba damuwa ta zo su leƙa ajin ƙarshe tare, don Baba Mai Zobe zai fi sakewa in ya ji muryarta.

Sun iske ana tashi. Ɗalibai sun ajiye magagari da ƙananan guduma. Mai Zobe yana tsaye yana ba da umarni.

"Daga bango zuwa tsakiya. A hankali, ba filin ƙwallo kuke sharewa ba."

Wata ɗaliba ta tattara sharar da 'yar tsintsiya mai laushi, ta kwashe a takarda, ta buɗe wani babban gwangwani da ke ƙarƙashin tebur ta juye.

Matar Malam ta nemi benci ta zauna.

"Baba, shara kuke adanawa?" in ji Sufeto.

Mai Zobe ya yi 'yar dariya irin ta malami. "A ɗakin nan babu shara, Yallaɓai. Duk gugar da aka yi, garin azurfa na zuba ƙasa. In gwangwani ya cika sai a ƙone, a narke, a fitar da abin da ke ciki. Maƙerin da ya zubar da shararsa, abincinsa ya zubar. Tun ina yaro ban taɓa..."

Bai ƙarasa ba.

Sufeto ya sallami ɗaliban, ya rufe ƙofa. Sajan ya shimfiɗa jarida a kan tebur ya juye gwangwanin. Toka-tokar ƙura ta bazu. Sufeto ya sa bayan biro yana tonawa. Guntun kasko shuɗi ya fito, sai wani, sai wani. Daga ƙarshe ya ɗago rabin gilashin tabarau ya ɗaga shi saitin taga.

"Baba, me ke hannuna?"

Mai Zobe ya ƙura ido, ya matso, ya ƙara matsowa. Sannan ya lalubi kujera ya zauna.

"Ba na gani, Yallaɓai. Yana ce ta rufe mini ido. Da hannu nake aiki, da hannu nake duba na ɗalibai. Ba wanda ya sani sai shi."

"Kai ka miƙa wa matar nan kwalbar asid."

"Ni ne. Tun ranar yake bina in faɗa wa Shugaba. Ranar nan ya kira ni ɗakinsa, ya ce ya gaji da jira, in ban faɗa ba shi zai faɗa, kafin in makantar da 'yar wani. Na ce in aka karɓe ajin nan me ya rage mini? Na kama wuyan rigarsa. Ban yi niyyar komai ba, wallahi. Ture shi kawai na yi. Na ji tulu ya fashe, na ji kansa ya bugu. Na kira shi, bai amsa ba."

"Sai ka ɗauko tsintsiya."

"Na ce in babu fasasshen tulu, za a ce faɗuwa ya yi. Na ɗauko ta daga ɗakina, na kulle ƙofa, na share, na kwashe. Inda na kai sharar kuwa, hannu ne ya kai ta. Sai yanzu da nake maka bayani na tuna."

Matar Malam ta yi magana daga inda take zaune.

"Kullum kana kan tabarmata, ina ba ka ruwa, Auta na kulle."

Ya juyo da fuska wajen muryar.

"Me ya ce maka na ƙarshe?"

Mai Zobe ya rufe fuska da tafukansa. "Ya ce shi zai raka ni asibiti a cire yanar. Ya ce aikin ba wuya."

Sajan ya ciro ankwa. Sufeto ya girgiza masa kai, ya kama hannun tsohon da kansa ya ɗaga shi.

"Mu je, Baba. Akwai tudu a bakin ƙofa, ɗaga ƙafa."

Suka bi dogon barandar a hankali, ɗalibai na tsaye jikin bango, har suka shiga mota.

Da yamma aka saki Auta. Ya durƙusa a gabanta zai yi magana, ta ce ya tashi ya je ya yi wanka, warin bayan kanta yake.

Shi ya taya ta kwashe sauran kayan Malam. A cikin kabad ɗin ƙasa suka sami wani abu lulluɓe da tsumma da leda. Tulu ne ɗanye da Malam ya fara ginawa, ya kai shi kafaɗa, bai sa masa wuya ba. Shaidar babban yatsansa na nan a gefe, inda ya danna ya tsaya. Shugaba ta ce a bar shi, sabon malami zai ƙarasa a gasa mata. Ta ce a'a, ta gode.

Yana nan a ɗakinta bayan ƙofa, inda rana ba ta kai wa. Auta ya ce mata yumɓu in ya bushe ba a ƙara masa komai. Don haka kowace safiya, kafin ta hura wuta, takan kwance ledar, ta jiƙa tsumman, ta matse shi, ta mayar ta rufe.