Sunan Farko a Kwamfutar Suhaibu

Ummukulsum ce ta fara ganin sa. Ta kawo masa koko da ƙosai da hantsi, ta tura ƙyauren shagon da ƙafa, sai ta iske yayanta Suhaibu kife a kan tabarma, ƙeyarsa a fashe, jini ya malalo har bakin ƙofa. Ihun da ta yi ya kai gonakin bakin kanal ɗin noman rani, masu tsinkar tumatir suka yar da kwanduna suka yo gida a guje.

Kafin Sufeto Hambali ya iso Kwarin Marke daga ofishin 'yan sanda na Kura, mutanen gari sun riga sun yanke hukunci. Ya same su a ƙofar gidan sun kewaye wani saurayi, wannan ya kai sanda, wancan ya kai ƙafa. An tsinka masa leɓe, ido ɗaya ya kumbura ya rufe, wani har ya tafi neman taya. Sai da kurtun da ke tare da Hambali ya harba bindiga sama sannan aka ja baya.

"Wane ne wannan?" in ji Hambali.

"Sunday ne, ɗan gidan Sallau na unguwar Maguzawa," wani ya ce. "Da safe an gan shi ya fito daga shagon. Shekaranjiya ma sun yi cacar baki."

Hambali ya sa aka jefa Sunday a bayan mota, aka tsare shi da bindiga. Ba don ya yarda da laifinsa ba, don dai nan ne kaɗai inda ba za a ƙarasa shi ba. Ya san mutanen nan. Za a yi jana'iza bayan la'asar, kuma in suka dawo daga maƙabarta da zuciya a wuya babu wani a hannu sai Sunday, gidan Sallau ba zai kai magariba ba.

Ya shiga shagon shi kaɗai. Ɗaki ne na ɗalibi: katifa a jingine, littattafan boko a kan kwali, wayar wuta ta shigo ta taga daga injin niƙan da ke maƙwabtaka. Suhaibu ɗan shekarar ƙarshe ne a jami'a a Kano, yana karatun kwamfuta, kuma shi ne na farko a gidansu da ya wuce sakandare. Hambali ya durƙusa ya duba raunin. Bugu biyu ne a ƙeya, da ƙarfe mai nauyi, kuma bakin ƙarfen ya bar shaida mai kusurwa huɗu a fata. Ba adda ba ce, ba fartanya ba.

A kan tebur kuwa an yi ɓarna ta fushi. Abin nan mai kama da talabijin an rotsa masa fuska, an bi gilashin da ya zubo an tattake shi, an kuma ɗebo laka an cusa a cikin ramin. Wani farin akwati na ƙarƙashin tebur ko ƙwarzane babu.

Hambali mutum ne da ya tsufa a aiki da biro da takarda, kwamfuta kuwa daga nesa yake gaishe ta. Ya girgiza kai, ya fito ya hau bayan motar.

"Me ya kai ka shagonsa da safe?"

"Faifan kwamfuta na mayar masa, yallaɓai." Sunday yana magana yana tofar da jini. "Ajinmu ɗaya. Na bar shi yana aiki lafiya lau."

"Rigimar shekaranjiya fa?"

"Faifaina ne ya sa wa kwamfutarsa bairos, cutar da ke cinye aiki. Ta cinye masa babi biyu na furojet, aikinsa na kammala digiri. Ya zage ni, na rama. Daga baya muka zauna tare muka sake bugawa."

"To yanzu ba babi biyu ba, duka an cinye. An fasa kwamfutar."

Sunday ya ɗago ido ɗayan da ya rage masa. "Har da akwatin?"

"Wane akwati?"

"Na ƙarƙashin tebur, yallaɓai. Shi ne kwamfutar. Na saman allo ne kawai, kamar taga. Ko ka fasa shi, aikin yana nan a ciki."

Hambali ya tuno farin akwatin nan da ko ƙwarzane babu. A ransa ya ce, da ni aka aika in hallaka na'urar nan, wallahi fuskar zan fasa in tafi ina ganin na gama.

Mutum na biyu da aka ambata masa shi ne Baballe mai injin niƙa, wanda janaretansa ke ba Suhaibu wuta. An ce su ma ba sa ga maciji tun bara. Hambali ya same shi a rumfarsa, fari fat da garin masara.

"An ce kun yi faɗa da marigayi."

"An yi, yallaɓai. Janaretana ya yi tsalle ya ƙona masa kwamfuta. Yaron nan ya zauna a nan inda kake tsaye, ya rungume akwatin yana kuka kamar an yi masa mutuwa. Wai aikin zangon karatu guda ya tafi. Har Kano na raka shi wurin masu gyara."

"Akwatin ya runguma, ba talabijin ɗin ba?"

"Talabijin ɗin me? Ai ranta a akwatin yake. Ni ma ranar na sani."

"Ina kake da safe?"

"Na tayar masa da janareta bayan asuba na wuce Kura sayen bel ɗin inji. Masu casar shinkafa na bakin tasha duk sun gan ni."

Hambali ya tura kurtu a babur ya tabbatar, amma tun kafin ya dawo ya riga ya cire Baballe daga lissafi. Mutum biyu ake zargi, kuma dukansu sun san inda aikin yake zaune. Wanda ya shiga shagon nan ya tsaya bayan ya yi kisa, da gawa a gabansa, ya ɓata lokaci yana tattake gilashi yana cusa laka. Wannan tsoron wani abu yake yi da ya gani a fuskar allon, kuma ya ɗauka a nan abin yake kwana.

Ya nemi a kira masa Ummukulsum. Ta zo soro da mayafi, idanunta sun yi ja, muryarta ta dushe.

"Yi haƙuri, 'yata. Wane aiki yayanki yake yi a na'urar?"

"Na rabon ruwa ne. Ya ce kullum ana faɗa a kanal, na ƙarshen layi tumatirinsu na bushewa. Wai zai yi abin da zai riƙa faɗin ranar kowa da yawan ruwan da ya sha."

"Ya taɓa nuna wa wani?"

"Jiya. Abokan Baba sun zo duba shi, don yana kwance ba lafiya. Yaya ya kira su shago yana ta murna. Ni na kai musu ruwa."

"Me kika gani?"

"Sunayensu ya sa a ciki. Da ya danna, sai sunan Baba Dattijo ya fito da ja. Yaya ya fashe da dariya ya ce, 'Baba, kwamfuta ta kama ka, ta ce ka sha ruwan da ba naka ba. Litinin zan kai ta Kano gaban malamai.' Kowa ya yi dariya."

"Shi ma ya yi?"

Ta yi ɗan tunani. "Ban ga ya yi ba."

"Wane ne Dattijo?"

"Aminin Baba ne tun suna yara. Shi ke riƙe da makullin ƙofar ruwa ta ɓangarenmu."

Hambali ya san irin makullin. Sandar ƙarfe ce tsawon kamu biyu, mai mariƙi a sama, bakinta mai kusurwa huɗu, ana cusa ta a kan ƙofar kanal a murɗa. Sai ya tuna ɗazun nan ya ga wani tsoho mai farin gemu, ana ce masa Baba Dattijo, yana ta kai da kawo a kan likkafani, yana ba iyalan gidan haƙuri.

Ya aika aka aro allo daga wani shagon buga takardu a Kura, aka ɗauko farin akwatin aka kai ɗakin taron manoma na bakin kanal, Baballe ya ja waya. Aka sauko da Sunday daga mota ya haɗa su. Akwatin ya yi ƙara, allo ya kawo haske, kuma ga aikin Suhaibu nan daram. Sunday ya danna, sunan Dattijo ya fito da ja.

"Ashe gaskiya na'urar ta faɗa," in ji Hambali.

"Ba ta san komai ba, yallaɓai. Kuskure ne a furogiram ɗin, wato tsarin lissafin da ya rubuta mata, shi muke ta fama da shi. Lissafin yana tara ruwan kowa ya ɗora a kan sunan da ke farko. Lambobin ma na ƙarya ne, na gwaji. Ko wa ka sa a sama, shi za ta kama."

"Sa nawa."

Sunday ya buga. Sunan Hambali ya fito da ja. Sufeto ya kalli sunansa, bai yi dariya ba. Sannan ya ce a mayar da shi yadda yake.

An yi jana'iza bayan la'asar. Kamar yadda ya yi tsammani, daga maƙabarta matasa ba gida suka nufa ba. Suna tafe da gorori da jarkar fetur, sun ɗauki hanyar unguwar Maguzawa, wadda dole ta bi ta gaban ɗakin taron. Hambali ya gicciya motarsa a kan gadar kanal ya tsaya a gabanta.

"Ku ba ni ɗan lokaci," ya ce. "In ban nuna muku wanda ya yi ba, ku bi ta kaina ku wuce."

Ya kira mai unguwa da liman da dattawa huɗu ciki, ya ce Dattijo ya taho da makullinsa, wai ana son a rufe ruwa don zaman makoki. Dattijo ya shigo da sandar ƙarfen a kafaɗa. An wanke ta tas, tana ƙyalli, alhali duk makullin da Hambali ya taɓa gani a yankin nan laka da tsatsa ne adonsa.

"Malam Dattijo, ina kake da hantsi?"

"Ina bakin ƙofar ruwa, yallaɓai."

"Masu tsinkar tumatir sun ce ba su gan ka ba sai bayan ihu."

"Na zaga ne."

"Ka shiga shagon Suhaibu yau?"

"Me zan je yi? Yaron nan ɗana ne."

Hambali ya yi wa Sunday alama, ya yaye zanen da aka lulluɓe allon da shi. Sunan ya fito da ja, manya-manyan baƙaƙe. Dattijo bai iya karatun boko ba, amma ya gane siffar sunansa da launin da ya gani jiya. Fuskarsa ta canza.

"Ta dawo?" ya ce da wata irin murya. "Ai na..."

Bai ƙarasa ba. Ya ɗaga makullin da hannu biyu ya yi kan allon. Sunday ya kare da hannu, ƙarfen ya sauka a damtsensa, kowa ya ji ƙarar karyewar ƙashi. Kafin ya sake ɗagawa, kurtu ya buga masa gindin bindiga a haƙarƙari, Hambali ya murɗe masa hannu ya danne shi a ƙasa. Matasan da ke leƙe ta taga sun ga komai, kuma babu wanda ya ƙara ambaton gidan Sallau.

Hambali ya ɗauki makullin ya nuna wa liman bakinsa. "Irin wannan kusurwar ce a ƙeyar yaron, kai da ka yi masa wanka ka gani. Ga shi an wanke shi yau, amma dubi cikin ramin bakinsa." Akwai ɗan ɓurɓushin gilashi da ya maƙale a ciki. "Sunday da Baballe duka sun san aikin a akwati yake. Da su ne, akwatin za su fasa ko su ɗauke. Wanda ya yi wannan ɓarna, allon ne ya ba shi tsoro, don a nan ya ga sunansa."

Dattijo yana kwance, kumatunsa a siminti, ya fara magana ba tare da an tambaye shi ba. Ya ce rani uku ke nan yana karkatar da ruwa zuwa gonarsa a ranakun da ba nasa ba, yana ce wa na ƙarshen layi ruwa ne ya yi ƙasa daga dam. Ya ce da safe ya je roƙon Suhaibu ya goge sunan kada a kai shi Kano a tozarta shi da furfurarsa. Yaron ya yi dariya, ya ce Baba ka bari kawai zan gyara, ya juya masa baya ya ci gaba da danne-danne.

"Na ɗauka raina ni ya yi," in ji shi. "Na'urar ta riga ta sani, me zai gyara?"

Takaici ya cika Hambali. Ya juya ga Sunday, wanda ke zaune a ƙasa yana riƙe da karyayyen hannunsa, ya ce ya sa sunan liman a sama. Sunday ya buga da yatsa ɗaya. Sunan liman ya fito da ja. Aka sa na mai unguwa, shi ma ja. Aka ɗago kan Dattijo don ya gani da idonsa.

"Ba ta san ka ba," in ji Hambali. "Ba ta san kanal ba, ba ta san gonarka ba. Duk wanda ke farko shi take kamawa. Kuskuren da yaron ya ce zai gyara ke nan."

Dattijo ya dubi allon. "To don me ya sa ni a farko?"

Sunday ne ya amsa, hawaye na bin kumburarriyar fuskarsa.

"Na ce masa ya jera su yadda haruffa suke. Ya ƙi. Ya ce Baba Dattijo ne babba, kuma aminin mahaifinsa ne, ba zai sa sunan kowa a saman nasa ba."