Allurar da Ba Ta Yi Sallama Ba

A can wani zamani, a wata tashar jirgin ƙasa, an yi wani tsoho mai kula da akwatin waya. In an bugo saƙo daga tashar gaba, allurar akwatin takan karkata dama, ta karkata hagu, tsoho yana ƙirgawa yana haɗa haruffa. Kullum abokin aikinsa na can sai ya yi sallama, ya tambayi iyali, sannan ya faɗi saƙo.

Ran nan allura ta motsa: "Hanya lafiya, ku sako jirgi."

Tsoho ya tsura mata ido. Ba sallama, ba gaisuwa.

Shugaban tasha ya ce, "Baba, ɗaga tuta mana, mutane sun ƙosa!"

Tsoho ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba hannun mutumina ba ne."

Ya buga, "Yaya iyali?"

Allura ta ce, "Ku sako jirgi."

Tsoho ya naɗe tuta, ya zauna a kanta. Aka yi faɗa, aka yi lallashi, ya ƙi tashi.

Da la'asar sai ga abokin nasa a guje, da sauran igiya a hannu. Ashe 'yan fashi ne suka ɗaure shi, suka cire ƙarfen hanya, ɗayansu ya kama waya. Abokin yana haki ya dubi tsoho, ya ce, "Salamu alaikum. Yaya iyali?"