Bindigar da Na Zaɓa wa Madrina

"Kowa ƙasa! Ƙasa na ce!"

Papolo ne, ogan namu, ya daka tsawar. Tsakar rana ce, a sito na wani mai sayen kokon da ake yin cakulan da shi a bayan garin Moca, ranar biyan manoma kuɗinsu. Mu biyu muka shiga, hular kwano mai rufe fuska a kanmu. Yeuri na waje a mota, injin a kunne.

Ina bi ina fizge jakunkuna, sai na zo kan wata tsohuwa zaune a benci, ta ƙi kwanciya, hannunta cikin aljihun rigar aikinta. Na ɗaga ido. Doña Fredesvinda! Uwar baftismata, Madrina kamar yadda muke cewa, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata. Ashe abincin rana ta kawo wa leburori.

A wurinmu ba ka ganin babba naka ka wuce ba ka nemi albarka ba. Bakina ya riga hankalina.

"Sa min albarka, Madrina."

Ta ɗago kai.

"Wilkin?" ta ce a hankali.

Na san abin da ke aljihun nan, don ni na zaɓa mata. Bara, da ɓarayi suka tare ta a hanya, ni na raka ta shagon bindigogi, ina ta cika baki. Mai shagon ya miƙo wata ƙatuwa.

"Haba malam, dubi hannunta fa," na ce. "Sanyin ƙashi gare ta. Wannan in ta harba sai ta ture ta."

Na ɗauko 'yar ƙarama mai juyi, harsashi biyar, marar ƙarfin tunkuɗa, babu wata ƙugiya a bayanta da za ta sarƙe a tufa.

"Ko fito da ita ba sai kin yi ba, Madrina. Daga cikin aljihu ma tana tashi."

Ta yi dariya, ta ce, "Ɗan nan, ina ka san duk wannan?" Na ce a talabijin. Har goshina ta sumbata a gaban mutane.

"Kai ɗan iska, ka kashe mu!" Ihun Papolo ya dawo da ni. "Ta san sunanka!"

"Oga, uwata ce, bar ta—"

"Matsa!"

Ya juya bakin bindigarsa kanta. Ni kuwa, kunyar faɗin wannan nake ji, amma matsawa na yi. Taku ɗaya. Na ba shi hanya.

Tau! Tau!

Hayaƙi ya fito daga aljihunta. Papolo ya zube kan buhunan koko, bai sake motsi ba. A waje na ji ƙarar taya — Yeuri ya tsere abinsa.

"Cire hular nan," ta ce.

Na cire. Ta dube ni, ta dubi takun da na matsa.

Ban gudu ba. Ina nan a durƙushe har 'yan sanda suka iso. Papolo ya tafi kabari, Yeuri aka kama shi kwana uku bayan haka ya tona kowa, ni na sami shekara goma sha biyar. Amma ba wannan ne ke hana ni ɗaga kai ba.

Da za a tura ni cikin mota, na juya.

"Sa min albarka, Madrina."

Shekara ashirin da shida ina faɗin haka, tana amsawa da "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Ran nan sai ta sunkuya, ta ɗauki kwanukan abincinta, ta wuce.