Muryar Kaka a Ƙarƙashin Zane

A shekarar da ruwan sama ya ƙi sauka, sojoji kuma suka karɓi mulki, an yi wata yarinya a unguwar Dagmanet a Agadez. Auta ake ce mata a gida. Yarinyar nan akwai son gyara, ko tsintsiya ta gani a kwance sai ta tayar da ita.

Yayanta Chaibou ya haɗa ordinatar, wato kwamfuta, da hannunsa. Wata biyar ya yi yana neman kart-mer, wato babban allon da ake dasa komai a kansa, wanda zai dace da tsohon furosesansa. An rufe iyaka, kaya ba sa shigowa.

"Furosesa shi ne ƙwaƙwalwarta," in ji shi. "In ya ƙone, babu irinsa a garin nan."

A cikin ordinatar ɗin akwai muryar Kaka. Kafin ta rasu, Chaibou ya ɗauki muryarta tana ba da labarin lambunan Iférouane. Saura kwana biyu sadakar arba'in, dangi za su zo su ji.

Auta ta dubi na'urar, ta ga ramuka ta ko'ina. Haba, abu mai daraja a tsirara haka? Ko tasoshin Inna ai ana rufe su. Sai ta tsinko auduga ta toshe ramukan, ta lulluɓe ta da baƙin zanen Kaka.

Da azahar ne. Inna ta tafi layin famfo. Unguwa ta yi tsit, ko akuya ba ta kuka. Motar soja ta wuce a hankali, shiru ya dawo. Auta ta kunna.

"Ku matso, jikokina," in ji muryar Kaka.

Ba a jima ba murya ta fara sarƙewa. "Ku ma... ku ma... ku ma..." Wani nishi ya taso daga ƙarƙashin zanen. Zanen ya motsa kamar mai numfashi. Ɗaki ya cika da ƙamshin turaren Kaka. Auta ta miƙa hannu ta taɓa. Zafi zau, irin na jikin Kaka a ranarta ta ƙarshe.

Sai ɗif, komai ya mutu.

Wayyo, tsoro ya kama Auta. Ta fizge zanen, ta zare audugar. Amma wadda ta tura ta baya ta riga ta shige ciki.

Da la'asar Chaibou ya kunna. Minti goma, ta mutu. Ya duba kuran, wutar lantarki tana nan.

"Ko kart-mer ɗin ne ya ƙi furosesan?" Ya sosa ƙeya. "Na duba lambobinsu fa, sun dace."

"Wani ya taɓa ta?" in ji Inna.

"Ba ni ba," in ji Auta. Ranar nan tuwo bai shiga cikinta ba.

Washegari da rana Chaibou ya yi ta gwadawa. Ta mutu, ya kunna. Ta mutu, ya sake kunnawa. Nishin nan ya dawo, har da ƙauri.

"Yaya, kashe ta!" Auta ta fashe da kuka. "Ni ce! Na toshe ta da auduga, na rufe ta da zanen Kaka. Kaka ta yi fushi, tana nishi a ciki!"

Chaibou ya zare waya nan take. Ya kwance murfin. Ga auduga ta nannaɗe ƙaramar bantilatar, wato fankar da ke sanyaya na'urar, har ta fara baƙi.

"Ga mai nishin naki," in ji shi. "Ramukan nan hancinta ne, Auta. Da su take shan iska. Zafi ne ya fito da ƙamshin turaren daga zanen."

"Furosesan ya ƙone?" in ji Auta.

"Ban sani ba. Da jiya kika faɗa, da ban wahalar da shi yau ba."

Ya tsince audugar, ya shafa wa furosesan sabon man sanyaya, suka jira ya huce. Sannan ya danna. Shiru. Auta ta riƙe hannun Inna gam. Can sai bantilatar ta juya sumul.

Ranar sadaka dangi suka cika tsakar gida. Muryar Kaka ta fito tas, daga farko har ƙarshe. Wajen ƙarshen aka ji ta katse labari ta ce, "Ke Auta, ajiye wannan, ba a sa ki ba. Zo nan kusa da ni."

Aka kwashe da dariya, ana share hawaye. Auta ta matsa kusa ta zauna, hannuwanta a kan cinya.

Daga ranar ta koyi tambaya kafin ta gyara abin da ba ta sani ba. In kuwa ta yi kuskure, tana faɗa tun bai zama ɓarna ba.