Ɗan Kwikwiyo a Gidan Kafinta

"Me kuka ba shi?"

Tambayar da ta tarbi Auta ke nan tun kafin ta sauke kwalin a kan teburin ƙarfe na asibitin dabbobi. A cikin kwalin Gajere ne kwance, ɗan kwikwiyon da kwanan nan ba ya iya zama wuri ɗaya, yau ko jela ya kasa kaɗawa. Tsumman da ke ƙarƙashinsa ya jiƙe sharkaf da zawo.

"Abincin da kika ba ni ne kawai, Sista. Da safe kafin in tafi makaranta, da yamma in na dawo, kamar yadda kika ce..."

Sista, mataimakiyar Likita, ta taɓe baki.

Likita ya matso kusa da teburin. Dawowarsa ke nan daga rigakafin shanu a ƙauyuka, ko jakarsa bai kwance ba. Ya sa safar hannu, ya ɗaga leɓen Gajere ya duba dasashinsa, ya ja fatar wuyansa ya saki. Fatar ta tsaya cak, ta ƙi komawa.

"Ruwan jikinsa ya ƙare," ya ce a hankali. "Akwai jini a kashin? Yana amai?"

"Babu jini. Amai kuwa sai yau."

"An yi masa rigakafi, na ba shi maganin tsutsa da hannuna. Wani abu ya ci."

"Ci ko ba shi aka yi?" Sista ta jefo tana warware robar ƙarin ruwa. "Likita, ni fa ba na munafunci. Gidan da aka ce kare najasa ne, maigidan ya rantse ba zai haɗa zuri'a da mai karnuka ba, can ka kai amana? Gubar ɓera ai ba wuyar samu gare ta ba."

Auta ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi.

Ta juya ta dubi Likita. Kalma ɗaya take jira, ya ce haba Sista, ya ce kul.

Ya sunkuyar da kai yana neman jijiya a ƙafar ɗan kwikwiyon.

Shirun nan ya fi maganar Sista ciwo.

"Masoyiya, tsaya mana..." ya ce da ya ji ƙarar ƙofa. Ina! Ta riga ta fice.

A hanya ba kuka ta yi ba, tunani ne ya cika ta. Shekara biyu Likita yana zuwa ƙofar gidansu neman aurenta, shekara biyu mahaifinta Abba yana amsa gaisuwarsa da "lafiya" guda ɗaya kamar ana cire masa haƙori. Abba kafinta ne, mutum mai tsafta har ta yi yawa, wanda in ƙuda ya sauka a kofinsa sai an sake wankewa. Maganarsa ɗaya ce: ba zai ba da autarsa ga wanda ke wuni hannunsa cikin yawun karnuka ba. Umma kuwa bakin mijinta ne nata.

Da mota ta take karyar Likita, uwar Gajere, tafiya kuma ta kama Likita, Auta ce da kanta ta ce a ba ta riƙon ɗan kwikwiyon. Wai dabara! A tunaninta in Abba ya ga ɗan abin nan mai kunnuwa laɓe-laɓe, zuciyarsa za ta yi sanyi. Da kyar ya yarda a ajiye shi a rumfar katako ta bayan gida, kusa da inda yake aiki, da sharaɗin kada ya taka masa tsakar gida.

To, yanzu fa?

Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne ita ma zuciyarta ta fara raya mata. Wa ke gida da rana in ba Abba ba? In har shi ne, to magana ta ƙare. Ba za ta iya kallon idon Likita ba, ba kuma za ta iya kallon na ubanta ba. Ta yi ta istigfari, amma tunanin ya ƙi barinta.

Ta bi ta lungu ta shiga ta ƙofar baya. Ƙamshin sabon katako ya buge ta, dusar zarto ta rufe ƙasa, ga ƙafafun kujeru jingine suna jiran fenti.

Sai ta tsaya.

Abba ne tsugune a gaban akwatin da Gajere ke kwana. A gefensa kwano ne cike da madara mai ɗumi, da guntun kitse a kan takarda. A hannunsa kuwa wani ludayi ne da ba ta taɓa gani ba, an ɗaure shi a jikin doguwar sanda, an goge sandar sumul har da ɗan lanƙwasa wurin riƙo.

Yana leƙa akwatin yana cewa, "Kai, ɗan banza, ina ka shiga?"

"Abba..."

Ya zabura, madarar ta fantsama a wandonsa. Ya yi ƙoƙarin ɓoye ludayin a bayansa, amma ina za ka ɓoye abin da ya fi hannunka tsawo?

"Abba, madara kake ba shi?"

Ya haɗe rai. "To me? In kin tafi makarantarki kuka yake min har kaina ya yi ciwo. Dabba a ƙarƙashin rufina tana kukan yunwa, ni za a tambaya ranar gobe, ba ke ba. Ban taɓa shi ba dai, ga sanda nan."

"Tun yaushe?"

"Tun washegarin zuwansa. Da na ga cikinsa ya ɓaci ya rame, sai na ƙara masa da kitse don ya yi ƙarfi."

Auta ta zauna daɓas a kan benci. Dariya da kuka suka zo mata lokaci ɗaya.

"Abba, yana asibiti. Ana ƙara masa ruwa, ban san ko zai kai gobe ba."

Ta ga fuskar tsohon ta sauya. Ya dubi kwanon, ya dubi ludayin. Ya kakkaɓe rigarsa ya ɗauki hula.

"Mu je."

Umma ta leƙo ta taga. "Ina zuwa haka, Malam?"

"Dubiya," ya ce, bai waiga ba.

Da suka shiga, Likita na durƙushe yana goge jikin Gajere da auduga da ruwan ɗumi, don ya sake ɓata kansa. Yana yi yana lallashinsa ƙasa-ƙasa kamar jariri. Ganin Abba ya sa ya miƙe a ruɗe, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

"Barka da yamma, Abba..."

"Ci gaba da aikinka. Ni na ba shi madarar shanu, kullum da rana, da kitse. In laifi ne, nawa ne, ba na yarinyar nan ba."

Likita ya yi ajiyar zuciya mai ƙarfi.

"Alhamdulillahi! In wannan ne da sauƙi, Abba. Cikin ɗan kwikwiyo ba ya ɗaukar madarar shanu, zawo take sa shi, kitse kuma ya ƙara tsinka cikin. Za mu mayar masa da ruwan da ya rasa, mu bar cikin ya huta, sannan abinci mara maiƙo kaɗan-kaɗan." Sai ya dakata, ya juya. "Sista, ba na ce ki gaya musu ban da madara ba? Kuma a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa, kada ya wuni da yunwa?"

"Safe da yamma ta ce min," in ji Auta. "Maganar madara kuwa yau na fara ji."

Sista ta hau gyara kwalaben da ba su karkace ba. "Mantuwa ce..."

"Za mu yi magana," Likita ya ce. Ta sulale ta fita, ba ko sallama.

Abba ya ja kujera nesa da teburin ya zauna. Ya daɗe yana kallon ruwan yana ɗiga, yana kallon yadda Likita ya cire safa ya wanke hannuwansa har gwiwar hannu, ya sake wankewa. Can Gajere ya buɗe ido, ya ɗan motsa jela.

"Zai tashi?"

"Zai tashi, in sha Allahu."

Tsohon ya gyaɗa kai, ya fita waje shan iska.

Aka bar su su biyu.

"Autata..."

"Kada ka Autata ni." "An ce ubana ya sa guba, ka yi shiru."

"Na yi shiru," ya ce. "In na ce hankalina na kan jijiya ne, na yi miki ƙarya. Na zarge shi a zuciyata. Ki yafe min."

Ta so ta ja fushin ya yi tsawo, ai tana da hakki. Amma gaskiyar da ya faɗa ta kwance mata ɗamara.

"Ni ma na zarge shi," ta ce, hawaye na zuba. "Ni da ya haifa! Duk hanya ina zarginsa, shi kuwa yana can yana ɗumama madara. Ashe mu biyun nan ba wanda ya san shi."

"To mu koya tare, in zai bar ni."

Gyaran murya suka ji daga bakin ƙofa. Allah kaɗai ya san tun yaushe Abba ke tsaye.

"Likita."

"Na'am, Abba."

"Ni da nake ƙyama, na kusa kashe shi da alheri. Kai da na ƙyamata, ka durƙusa kana share masa kashi ko fuska ba ka yamutsa ba. Na yi tunani a waje. Wata rana ciwo zai kwantar da 'yata, ko tsufa, ni kuma ba na nan." Ya gyara zaman hularsa. "Ka ce wa mahaifinka ina son ganinsa."

Auta ta toshe baki da mayafi.

"Abba... Allah ya ƙara girma, Allah ya..." Likita ya miƙo hannu biyu.

Abba ya dubi hannun, ya dubi ɗan kwikwiyon da ke kan tebur.

Sai ya kama hannun, ya riƙe shi gam.