Mai Sauraron Ƙasan Teku

A wani mamak, gidan cin abinci a unguwar Setapak, suka haɗu. Najiba ta zo sayen gurasar roti ta tafi da ita gida, ta ga Kalilu, ɗalibi ɗan Gumel, ya toshe kunnuwa da waya. Ta tambaye shi waƙar da yake ji. Ya miƙa mata, sai gurnani kawai.

"Ƙasan teku ne," in ji shi. "Akwai gas daskararre kamar ƙanƙara. In ana zuƙo shi, mu ke shimfiɗa na'urori a ƙasa, mu harba bindigar iska, mu saurari amsa, kar wurin ya rufta."

"Ashe da teku kake zance."

"Kafin yau dai."

So ya kama su. Ya koma jirgin ruwan da suke aikin, kullum sai ya kira. Rannan kira ya ɗauke. Ta kira har ta gaji. Al-Amin, ɗalibin babanta, ya fara zarya gidansu a unguwar Taman Melati, yana cewa mutanen jirgi haka suke.

Sai saƙo ya shigo: "Naji tawa, bututun iska ya fashe a gefena. Kunnuwan sun tafi, likita ya ce ba dawowa. Ina ganin kiranki. Ki auri mai ji."

Ta rubuta: "Kunnenka na ce ina so? Ka turo manya."

Babanta, Dakta Abdulwahidu, ya ƙi. "Kurma? Jariri ya yi kuka, wa zai ji? Aikin ma ya rasa."

"Abba, ni zan ji."

"Na gama magana."

Ita ma ta gama. Ba rashin kunya, ba kuka. Ta yi girki, ta gaida shi a rubuce. Gidan ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Wata safiya uban ya ajiye cokali, ya dubi Najiba, mai sunan mahaifiyarsa.

"Iya, ki ce ya turo. Na ɗanɗana abin da yaron yake sha."

Aka ɗaura aure a masallacin unguwa. Kalilu bai ji fatiha ba, hannuwan mutane ya gani sun ɗaga, ya ɗaga nasa.

Da aka kai amarya, ta ɗauko waya za ta rubuta masa. Ya karɓe, ya ɗora tafinsa a maƙogwaronta, yadda suke ɗora na'ura a ƙasan teku.

"Yi magana."

Ta kira sunansa. Ya ji motsin muryar a tafinsa.

"Sake, Naji."

Allah Ya ba su zaman lafiya.