Rabin Takardar Kuɗi

"Taka motar nan, ko ni in taka ka," in ji Tabo daga kujerar baya.

Direban, wanda ake kira Sitiyari, ya ci gaba da jan motar a hankali. Shekara shida yana tuƙa Tabo da Reza zuwa fashi, bai taɓa yin nawa ba sai yau. Idonsa na kan agogon mota. Huɗu saura kwata. Minti ashirin kawai yake nema a duniya.

Ga abin da ke cin sa. Ya gaji da wannan ƙazamar rayuwa, ya ƙudura barin ƙasar da iyalinsa. Ya sayar da filinsa, ya haɗa da kayan ɗakin matarsa. Da ya je banki aka yanka masa kuɗin aikawa, ga tambayoyi kamar gaban alƙali, ya fito yana zagi. Sai aka nuna masa wani dattijo mai shagon yadi. A ɗakin baya dattijon kan karɓi kuɗinka, ya cire ɗan ladan da bai taka kara ya karya ba, ya yaga takardar kuɗi gida biyu ya ba ka rabi. Kullum ƙarfe huɗu ya kira ƙanensa a can ƙasar, ya karanta masa lambar kowace takarda da abin da za a biya. Ka kai rabinka, a ba ka kuɗinka. Wanda ba a karanta lambarsa ba kuwa, tsumma ne a hannunsa.

Jiya da yamma Sitiyari ya kai nasa, ya tarar an gama kiran ranar. Matarsa ta hau jirgi da 'yarsu, rabin takarda na ɗinke cikin jakarta. Shi sai mako mai zuwa zai sulale ya bi su. Yau kuma Tabo ya tashi ya ce shagon yadi za a buga.

"Oga, kwanar nan akwai 'yan sanda," in ji Sitiyari. "Bari mu zagaya ta bayan kasuwa."

Reza ya sheƙe da dariya. "Ka ji shege. Yaushe ka fara tsoron kaki?"

Tabo ya ɗora masa bakin bindiga a ƙeya.

"Ka ɗauka ban sani ba? Jiya Reza ya bi ka har ƙofar shagon. Kai ka nuna mana hanya, mun gode. Tafiya za ka yi ba sallama, ko? Da sirrina a cikinka?"

Sitiyari ya shiga roƙo. "Oga, ka yi wa Allah. Bar dattijon ya gama waya, sannan ku kwashe komai. Ban son kaso. Matata na can ba ta san kowa ba."

"Matarka ce, ba tawa ba. Miƙe."

Huɗu da minti uku suka tsaya. Ka'ida ita ce direba ba ya fita daga mota. Tabo ya fizgo shi ta wuyan riga.

"Yau kai ne gaba."

Suka kutsa. "Kowa ya kwanta!" Mata biyu masu zaɓen yadi suka zube, ɗaya na salati. Reza ya hamɓare ƙofar ɗakin baya.

Dattijon na zaune, tabarau a kan hanci, waya a kunne, rabin takardu jere a gabansa. Ya ɗago. Bai dubi bindiga ba, Sitiyari ya duba.

"Kai, ɗana? Ai taka ce ta gaba."

"Karanta, Baba," in ji Sitiyari. "Don Allah karanta."

Dattijon ya ɗauki takardar. "Rubuta," ya ce wa ƙanensa. "Bakwai, huɗu, huɗu..."

Tau! Tabo ya harbe shi.

Tabarau ya faɗi kan tebur. Wayar ta gangara ƙasa, wata murya na ta kira daga ciki: "Yaya? Yaya?" Tabo ya sa dunduniya ya murƙushe ta.

Sitiyari bai san lokacin da ya yi kukan kura ya shaƙe Tabo ba. Suka faɗa kan bandir ɗin yadi. Reza na dura kuɗi a buhu, ko waiwaye bai yi ba sai da ya cika shi. Sannan ya juyo, cikin natsuwa, ya sakar wa Sitiyari harsashi a gwiwa.

Jiniya ta taso daga nesa. Ɗaya daga cikin matan ta riga ta sulale ta yi waya.

"Makulli," in ji Tabo, yana laluben aljihun Sitiyari. "Sauka lafiya, matafiyi."

Amma Tabo bai iya tuƙi ba, Reza kuma gara ma babu. Da ma wanda ya san lungunan garin shi suka bari yana jan ƙafa cikin jini. A shataletale na biyu suka rungumi turken lantarki, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Tabo a kan sitiyarin motar ya mutu, an ce baki buɗe. Reza ya kai asibiti, bai kai magariba ba. Buhun kuɗin aka kulle shi a matsayin shaida, kuma kowa ya san irin wannan shaida ba ta saurin fitowa.

Sitiyari ya farka a gadon asibiti, ankwa a hannu, ƙafar dama babu daga gwiwa. Wani sajan na zaune yana juya wayar Sitiyari a tafin hannu.

"Tun safe take kira," in ji sajan. "Ɗauka. A fili, ina ji."

Muryar matarsa ta fito, a gajiye, da kukan yarinya a bayanta.

"Baban Nana, ina ka shiga? Na sami shagon. Mutumin ya ce an kashe masa yayansa, kuma lamba uku kawai ya rubuta, ba zai biya kan lamba uku ba. Ya kore mu. Muna bakin titi, sanyi ya ishe ta. Kai da ka san mutane, ka binciko mana, wane marar imani ne ya yi wannan aikin?"

Sajan ya matso masa da wayar daf da baki.

"Gaya mata mana," ya ce.